Muryar Sambo a Kasuwar Gwandu

Ranar da ba za ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da na tsaya ni kaɗai a Kalgo na kayar da kwamitin amintattu kaf ɗinsu, har da dakta guda a ciki. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun same ni da tumbi da furfura, kuna ganin Baba Garba ba abin da ya iya sai ba'a da cin gyaɗa. To a wancan lokacin, in na buɗe baki a kan kwamfuta, ko ƙuda sai ya sauka ya saurara. Na yi bayanin da har mai gyaran famfo ya tsaya ta taga ya manta abin da ya kawo shi. Aka tafa mini. Na fito ina taku kamar wanda ya kamo giwan ruwa da hannu ɗaya. Ban san ina murnar abin da zai raba wani bawan Allah da danginsa ba ne.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in yi masa shimfiɗa. Ƙungiya ce mai zaman kanta da ke sulhu tsakanin manoma da makiyaya. Babban ofis yana Kalgo, reshe yana Gwandu, inda nake zama. Kodineta shi ne shugaban aikin yau da kullum. A samansa akwai kwamitin amintattu, masu zama jifa-jifa su yanke manyan shawarwari. A ƙasansa akwai jami'an karkara, masu hawa babur su shiga ƙauyuka da rugage. Sai ni, jami'in na'urori, wato duk abin da ke da waya a jikinsa nawa ne, tun daga kwamfuta har butar dafa shayi.

Yadda aikin yake, in shanu sun yi ɓarna a gona aka rasa masu su, jami'in karkara kan je ya nemi wanda ya gani. Galibin mutanenmu ba su rubutu, don haka murya ake ɗauka da rikoda. Kafin shaida ya ce uffan, jami'i zai fara faɗar kalmomin amana da Hausa, cewa wannan magana ba mai jin ta sai shugabannin sulhu. Daga nan shaida ya faɗi sunansa da inda yake zaune, ya faɗi abin da ya gani. Ranar sulhu ba a ambaton sunan shaida. Dattawa za su kira mai shanu gefe su ce masa an gani. Shi ma ya san an gani ɗin, sai ya biya ɓarna cikin mutunci, ba ɗan sanda, ba adda. Duk aikin a kan wannan amanar yake tsaye. In ta faɗi, mu koma gida mu kama tallan rake.

To amma inda muke ajiye muryoyin nan, Allah dai ya rufa asiri. Kwamfutocinmu Windows ce a kansu, ita ma ba ta asali ba, kwafin kasuwa ce da wani mai gyara ya ɗora mana. Ba ta sabuntuwa. Kalmar sirrin kuwa sunan ƙungiyar ne, wanda ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon bakin ƙofa. Kowa ya zo da filas ɗinsa na kwasar bayanai ya soka, daga mai neman buga katin suna har mai son fim. Ƙwayoyin cutar da ke ciki sun yi yawan da in na shigo da safe su suke fara gaishe ni. Masu ba mu tallafi suka aiko mutum ya duba, ya kama baki, ya ce ko dai mu gyara ko su janye. Shi ne aka ce in zauna in auna wace uwar manhaja ce ta fi dacewa da mu, in kawo wa kwamiti.

Uwar manhaja ita ce abin da ke fara tashi in ka kunna kwamfuta, duk sauran a kanta suke zaune. Ita ce mai riƙe da makullan gida. Ita ke cewa wane ya shiga wancan ɗaki, wane kuma ya tsaya a zaure.

Na auna tsakani da Allah, ban yi ha'inci ba. Hanya ta farko, mu zauna a kan Windows amma mu sayi ta asali. Tana da nata kullen mai kyau, hannun kowa ya saba da ita, kuma duk lungun da ka shiga a Kalgo akwai mai gyaranta, saboda ɗaliban jami'a. Matsalar, kwamfutocinmu tsofaffi ne, wasunsu ina jin sun ga mulkin soja, sabuwar ba za ta hau kansu ba sai an sake saye. Hanya ta biyu, waɗancan kwamfutoci masu tsada da 'yan gayu ke ɗauka a hammata. Da na faɗi farashinsu ma'aji ya nemi ruwa ya sha, aka wuce wurin. Hanya ta uku ita ce Linux. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta, ƙwayoyin da ke yawo a filas ɗin mutanenmu galibi ba su cin ta. Tun wurin ɗorawa ake rufe duk abin da ke ciki, yadda ko ɓarawo ya sace kwamfutar ya farke cikinta ba zai ga komai ba sai shirme. Kowa kuma da ɗakinsa da kalmar sirrinsa, tana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Aibinta, baƙuwa ce. Ba wanda ya san ta a ofis sai ni.

A wurin taron, wanda ya ja da ni wani malamin jami'a ne a cikin amintattu, muna ce masa Dakta, Bakatsine. Ni kuwa Bakabe ne, kun san abin da ke tsakaninmu da Katsinawa, bayinmu ne tun fil azal, ko da yake in kun tambaye shi zai ce mu ne bayin. Dakta ya ce bai musa ingancin abin ba, amma a duba hannun ma'aikata, mutanen da suka girma da abu guda ba a sauya musu shi rana tsaka. Ya ce gara a matsa a sayi ta asalin ko da kwamfuta ɗaya ce. Na bar shi ya gama. Sai na ce wa kwamiti su yi masa uzuri, Bakatsine in ya ji an ce abu kyauta ne sai gabansa ya faɗi, don shi bai taɓa ba da ko goro kyauta ba. Aka bushe da dariya, har shi. Na bi da hujjojina ɗaya bayan ɗaya, na haska musu a majigi. Ma'aji da ya ji ba za a taɓa asusu ba ya riga kowa ɗaga hannu. Aka amince.

Na yi aikin kuwa. Na ware kwamfuta guda a ofishin Gwandu don muryoyi kaɗai, na raba ta da intanet, na toshe mata kafofin soka filas. Na rubuta ƙa'ida: jami'i ya dawo daga karkara ya miƙo mini rikoda, in juye a kwamfuta, in goge rikodar a gabansa. Mai son saurare ya zo ya zauna, ya sa kalmar sirrinsa, ya sa abin ji a kunne. Waɗanda aka buɗe wa ɗaki su ne ni, da jami'in da ya ɗauko, da Kodineta. Har gobe ina nan kan bakana, ko a Abuja ba za a yi tsarin da ya fi wannan ba.

Kodinetanmu a lokacin Alhaji Ladan ne, dattijo, tsohon hedimasta, Bafillacen Gwandu mai jin Fillanci kamar ruwa. Shi ya koyar da ni a firamare. Bulalarsa na nan a bayana, in hadari ya haɗo har yanzu tana yi mini ƙaiƙayi. Mutum ne da in ya shigo wuri kowa kan gyara zama, kuma sulhu da yawa darajarsa ce ke ɗinke su, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Bayan an gama tsarin, ya zo Gwandu tare da wasu masu unguwanni don ya nuna musu yadda muke tsare amanar mutanensu. Ya zauna gaban kwamfutar, suna tsaye a bayansa. Ya buga kalmar sirrinsa, ta ƙi. Ya gyara tabarau ya sake, ta ƙi. Na lura ya bar maɓallin manyan baƙaƙe a kunne, na matso zan nuna masa, ya ɗaga mini hannu. Ya sake bugawa. A nan ta yi abin da ni na umarce ta da yi ga duk wanda ya yi ta kuskure, ta rufe ɗakin ta ce a jira. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi sauƙi. Wani mai unguwa ya shiga kallon silin kamar an rubuta masa wasiƙa a can.

Da baƙi suka tafi na same shi na rusuna, na ce Yallaɓai in ya sami sarari in zauna da shi in nuna masa, abin ba wuya. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Garba, ni nik koya maka baƙi da wasali. Yau kai ka son zaunar da ni aji?"

Na ce Allah ya huci zuciyarsa, ba haka nake nufi ba. Ya ce ba komai, in ci gaba da aikina. Daga ranar bai ƙara zama kan kujerar nan ba. Ni kuma na ɗauka jami'ai ke yi masa bayanin shaidu da baki, don kullum in an zo sulhu ya san komai. Rikoda na zuwa hannuna, ina juyewa, ina gogewa, ina duba rajistar shiga in ga komai fes. Na yi ƙiba a watannin nan don kwanciyar hankali.

Da kaka, ana gab da yankan dawa, shanu suka shiga gonar wani manomi a Masama suka yi mata kaca-kaca. Mutumin da 'yan'uwansa suka fusata, aka fara maganar za a je a ƙone ruga, kuma rugar da suke zargi ba ita ta yi ba. Jami'inmu na wannan yanki Ummaru ne, mutum mai sanyin hali, mai jin Fillanci. Ya yi ta zagaye har ya dace da wani makiyayi a wajen Malisa mai suna Sambo. Sambo ya ga shanun da idonsa, ya kuma san su, don na kawunsa ne, 'ya'yan kawun ke kiwonsu. Matar Sambo kuwa ɗiyar wannan kawun ce. Duk wanda ya san Fulani ya san abin da ake nema a wurinsa ba ƙarami ba ne. Ya yi ta kwana yana juyawa. Abin da ya sa ya yarda, in ji Ummaru, ya ce ba zai iya zuba ido a ƙone bukkokin waɗanda ba su ji ba su gani ba. Ya sa Ummaru ya maimaita masa kalmomin amana kafin ya buɗe baki.

Sulhu ya yi kyau. Alhaji Ladan ya kira kawun gefe, aka yi magana irin ta manya, ya biya ɓarna, aka yi addu'a aka watse. Ba a ƙone ko tsinke ba. Muka rubuta rahoto muka aika Kalgo, har da sakin layi guda na yabon sabon tsarin adana bayanai. Ni na rubuta wannan sakin layin, ban kuma rage wa kaina komai ba.

Bayan 'yan makonni, ran kasuwar Gwandu, na fita da hantsi shan fura. Ina zaune kan benci, mai nono na dama mini, ina tsokanarta cewa nononta ya fi kogi ruwa, sai na ji wata murya daga bayana. Wasu makiyaya ne a tsaye a gindin bishiya, sun jingina da sandunansu, sun kewaye waya guda. Muryar Ummaru ce ke fita daga wayar, a hankali, da Hausa:

"Wannan magana amana ce. Ba mai jin ta sai shugabannin sulhu."

Sai muryar Sambo ta biyo, ya faɗi sunansa da rugarsa, ya shiga Fillanci.

Ludayin na hannuna ban san lokacin da ya koma cikin ƙwarya ba. Makiyayan nan ba mai dariya a cikinsu. Da ta ƙare wani ya sa hannu ya maido ta farko. Na tambayi mai nono ko ta san abin da suke ji. Ta ce ai tun kasuwar da ta wuce ba wayar da babu shi, har matan ruga sun haddace.

Na tashi ban sha furar ba. Mai tumbi irina ya yi gudun da rabonsa da shi tun yana firamare. Na faɗa ofis na kunna kwamfutar. Na bi rajistar shiga layi-layi. Ba wanda ya shiga sai ni ranar da na juye, sai Ummaru da ya saurara sau ɗaya. Ba a kwafa ba, ba a soka komai ba, ba ta taɓa ganin intanet ba. Kulle na nan yadda na bar shi. Ina kallon abin da ya fi komai tsaro a ƙasar Kabi, muryar da ke cikinsa kuma tana yawo a kasuwa tsakanin masu goro da masu igiya.

Na kira Ummaru. Da ya shigo ya ga fuskata sai ya zauna a ƙasa, bai ko nemi kujera ba. Ya ce tun ranar da kwamfuta ta ƙi Alhaji, Alhaji ya kira shi gidansa da ke nan Gwandu ya ce daga yau in ya dawo daga karkara ya fara biyowa ta wurinsa, ya tura masa muryar a wayarsa, sannan ya kai wa Garba rikodarsa ya yi ta gogewa. Na ce don me bai gaya mini ba. Ya ce Alhaji ya ce kada ya faɗa, kuma shi wa ya aike shi ya ce wa sa'an mahaifinsa a'a, mutumin da ya ɗauke shi aiki.

Sauran hanyar ba ta yi wuyar bi ba. Ranar sulhun ba wuta a garin, wayar Alhaji ta mutu, ya ba direbansa ya kai caji kasuwa, ya ce a haɗa masa da sabon tafsiri. Wayar ba kulle, don Alhaji ya ce shi ba ya ɓoye-ɓoye. Na je rumfar mai cajin da kaina. Magidanci ne, ga wayoyi jere a gabansa kamar kifin banda, ga janareta na kuka, ga kwamfutarsa a cinya. Kun san sana'arsu ba caji kaɗai ba ce, suna cika wa mutane memori da waƙoƙi da wa'azi. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne inda suke samo kayan. Duk wayar da aka kawo a sa mata abu, in sun soka ta, sai su kwashe sautin da ke cikinta su ƙara a rumbunsu. Haka kowa ke yi, ba a ɗauke shi sata ba.

Mutumin bai ɓoye mini komai ba, don bai ga abin ɓoyewa ba. Ya ce ya buɗe ɗaya daga tsakiya ya ji Fillanci, shi kuwa ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Fillanci. Ya ɗauka wa'azi ne ko labarin da, sai ya jefa cikin tarin sautin da yake cika wa Fulani. Makiyayi in ya zo kasuwa cewa yake a cika masa, ba ya zaɓe, yana can daji da shanu zai bi su ɗaya-ɗaya. Ya ƙara da cewa, da alamar jin daɗi, wannan ɗin ya karɓu ƙwarai, har zuwa ake ana tambayarsa da suna. Na sa ya goge a gabana. Ya goge, yana kallona kamar mai tausayin mahaukaci, ya ce in ina so in bi rugage in goge na can ma, zai ba ni aron keke.

Sa'ar da muka yi guda ce, muryar Sambo kaɗai ce a wayar ranar, don Alhaji kan goge tsofaffi in wayar ta cika. Sambo kam bai yi sa'ar komai ba. Kafin mu kai ga waɗannan bayanai kawun ya aiko an tafi da ɗiyarsa da 'ya'yanta. 'Yan'uwansa suka daina amsa sallamarsa. In ya kai shanu mashaya sai a janye a bar masa wurin shi kaɗai. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa sanda. Su ba haka suke yi ba. An dai share shi ne kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Aka kira taron gaggawa a Kalgo, ɗakin nan dai da aka tafa mini. Na zo da rajistar shiga na haska a majigi, na nuna kwamfutar ba ta yi laifin komai ba. Na fara bayanin hanyar da muryar ta bi, ina isowa kan maganar waya sai shugaban amintattu ya yi gyaran murya ya ce a tafi salla. Alhaji Ladan na zaune yana jan carbi, bai ɗago ba. A wurin alwala shugaban ya jawo ni gefe, ya dafa kafaɗata.

"Garba, kai yaron kirki ne. Babba ba a tona mai asiri cikin taro. In mutuncin Alhaji ya zube, wa za ya sake zama sulhu a gabanai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi Sambo fa? Nasa asirin a kasuwa yake."

Ya ce wannan ƙaddara ce, Allah ya riga ya rubuta. Ya saki kafaɗata ya shiga sahu.

Da aka dawo, abin da aka rubuta a rahoto shi ne an sami matsalar na'ura, sakamakon sabon tsarin da ma'aikata ba su saba da shi ba. Dakta aka ba alƙalami ya tsara kalmomin. Bai dube ni ba, bai kuma ce ai ya faɗa ba, ko tsokanar da muka saba bai yi ba, ni ma ban iya ba. Aka yanke a sauke Linux a sayi Windows ta asali, kuɗin da aka ce babu sai ga shi ya fito. Aka ba Ummaru takardar tuhuma kan karya ƙa'ida, da wa'adin aikinsa ya cika ba a sabunta ba, yana nan yanzu yana sayar da takin zamani. Ni aka ce in riƙa tuntuɓa kafin in kawo baƙon abu. Alhaji ya ci gaba da zama Kodineta har ya yi ritaya, aka yi masa walima, ni na haɗa lasifika.

Ni na ɗora sabuwar da hannuna, na kuma kulle ta yadda ya kamata, don ita ma tana kulluwa. Alhaji bai taɓa zama gabanta ba, ita ma. Ba ta ma sami abin tsarewa sosai ba, don daga Malisa har Masama an daɗe ba a sami wanda ya yarda ya yi magana a gaban rikoda ba. Jami'i na fito da ita sai mutum ya ce shi ranar yana barci.

Ku masu tasowa, kullum kuna zuwa kuna tambayata wacce ta fi tsaro, wannan ko waccan, kuna jayayya kamar masu gardamar ƙwallo. Ku auna, aunawa na da kyau, ni ma na auna kuma ban zaɓi banza ba. Amma a garuruwanmu bayani ba ta kwamfuta yake fita ba. Ta aljihun wanda ba a iya ce wa a'a yake fita. Kafin ku tambayi wace manhaja, ku tambayi wane ne a ofishin nan ya fi ƙarfin a koya masa, wa kuma ke kai masa wayarsa caji. In kuma abu ya ɓaci, ku sani za a nemi wanda ba shi da baki a ɗora masa. In an sami na'ura, ita ce ta fari. In ba ta isa ba a haɗa da ƙaramin ma'aikaci.

Ba wanda ya aike ni wurin Sambo. Ofis bai tura kowa ba, ko gaisuwa. Na roƙi Ummaru ya raka ni, ya ce ba zai iya haɗa ido da shi ba, ya dai kwatanta mini hanya. Na hau babur na tafi da rana. Na same shi ya kwance bukkarsa, yana ɗaure kara da tabarmi a bayan wani bijimi. Shanunsa na tsaye a gefe. Bukkokin 'yan'uwansa na nan kusa, da mutane a ciki, ba wanda ya leƙo. Dogo ne siriri, ba zai wuce sa'an ƙanena ba. Na yi sallama ya amsa, ya shimfiɗa mini buzu, ya kawo mini nono a ƙwarya, ya ba ni haƙuri wai ba fura, mai damawa ba ta nan.

Na gaya masa ko ni wane ne. Na tambaye shi ina ya nufa, ya nuna yamma da haɓa, ya ce inda ba a san muryarsa ba. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na rasa ta inda zan kama. Sai na ji kaina ina yi masa bayani. Na ce ina so ya sani ba daga wurina abin ya fita ba. Na ce inda na ajiye maganarsa ko aljani bai isa ya shiga ba, na bincika da kaina, ba a taɓa kwamfutar ba, ko ƙwarzane babu, kullenta na nan daram. Na yi ta zuba, yana saurare, yana jan igiya yana ƙulla ta a hankali.

Ya gama ƙullin, ya jijjiga kayan ya ga sun zauna. Sannan ya juyo ya karɓi ƙwaryarsa daga hannuna.

"To madalla, Malam. Tun da ita dai tana lahiya. In ka koma ka gaishe ta."